Yadda Ake Haɗa Abin Hannu, Sarƙa da 'Yan Kunne da Duwatsun Gilashi Masu Launi

Dutsen gilashi yana da hali biyu da ya kamata mai son haɗa kayan ado ya sani tun kafin ya zura ko guda ɗaya a zare. Yana da nauyi, ya fi na roba da na katako nesa ba kusa ba. Sannan bakin hudarsa yakan yi kaifi, ko da ido bai gani ba. Nauyin yana jan zaren, kaifin yana cin sa a hankali, har ranar da sarƙa za ta tsinke duwatsu su tarwatse a ƙasa. Kusan duk ƙa'idar da za ta biyo baya daga nan ta samo asali. Jera launuka abu ne da ido ke koya da kansa. Abin da ke buƙatar a nuna wa mutum shi ne zaren da ya dace da hudar, da yadda ake rufe bakin aiki.

Zaɓen duwatsu

Ba duk duwatsun gilashi ne iri ɗaya ba, kuma yadda aka ƙera kowanne shi ke nuna yadda zai yi da zare.

Akwai 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ake sayarwa da lamba. Lambar tana tafiya ne a juye: duk lokacin da ta ƙaru, dutsen yana ƙara ƙanƙanta. Mai lamba 11/0 faɗinsa kusan milimita 2 ne, 8/0 kusan milimita 3, 6/0 kusan milimita 4. Sai dai a lura, ba su kai haka tsawo ba idan an jera su a zare, domin a ɗan shafe suke. Kusan guda 7 na 11/0 ne ke cika santimita ɗaya, na 8/0 kuma kusan guda 5. Na ƙasar Japan, irin na kamfanonin Miyuki da Toho, sun fi daidaito a girma, hudarsu kuma tana da faɗi. Na ƙasar Cek, irin na Preciosa, sun fi zagaye, amma akan sami ɗan bambanci tsakanin wannan da wancan.

Akwai kuma zagayayyu da masu gefe-gefe, daga milimita 3 zuwa 12. Wasu bayan an yanka musu gefe akan sake bi da su ta wuta, sai kaifin ya ɗan narke ya yi sumul. Su ne suka fi sauƙin sha'ani ga mai koyo. Waɗanda kuwa aka yanka da inji aka goge ba tare da wuta ba, irin masu tsini biyu da kamfanin Swarovski na ƙasar Ostiriya ya yi suna da su, sun fi walƙiya amma bakin hudarsu ya fi kowanne kaifi.

Sai manyan da ake yi da hannu, ana narka sandar gilashi a kan harshen wuta ana naɗa ta a jikin siririn ƙarfe. Tsibirin Murano na Italiya ya shahara da aikin gilashi tun shekarar 1291, lokacin da aka mayar da maƙeran gilashin birnin Benis can. Abu biyu ake dubawa a irin waɗannan. Na farko, farin gari a cikin hudar: ragowar abin da aka shafa wa ƙarfen ne don kada gilashi ya manne masa. A jiƙa dutsen a ruwa a goge hudar da ɗan buroshi, in ba haka ba garin zai riƙa gogar zare yana kuma ɓata tufafi. Na biyu, tsagewa. Dutsen da ba a sanyaya shi sannu a hankali a cikin tanderu ba yakan tsage da kansa, wani lokaci bayan makonni. A ɗaga shi a haske, in an ga wani siririn layi ya taso daga bakin huda, a ajiye shi gefe.

Batun launi shi ne inda aka fi yin asara. Launi na gaskiya a cikin jikin gilashin yake, an narka shi tare da shi: sinadarin kobal ke ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe ke ba da shuɗi mai ratsin kore, manganis ke ba da shunayya, zinariya kuma wani irin ja. Wannan ba ya koɗewa ko shekara nawa zai yi. Amma da yawa daga duwatsu masu ɗaukar ido farin gilashi ne aka yi wa fenti a waje, ko aka rina cikin hudar. Kafin a sayi mai yawa, a gwada guda ɗaya: a ɗiga ruwan goge jan farce a farin ƙyalle a murza dutsen. In launi ya fito a ƙyallen, fenti ne. A kuma duba bakin hudar, nan fenti ke fara ɓarewa. Ba wai ba za a yi amfani da su ba ne sam, amma wurinsu 'yan kunne, inda ba sa gogar fata. A abin hannu, gumi da sabulu za su cinye su cikin ɗan lokaci.

A sayi fiye da abin da lissafi ya nuna, kamar ƙarin guda ɗaya a kan kowane goma, kuma a saya a lokaci guda. Launi ɗaya daga narki daban yakan ɗan bambanta, sai an jera su kusa da juna ake gani. In an kawo su, a zube a kan farin tawul a tsince fasassu da masu karkatacciyar huda. Wanda hudarsa ta toshe ko ta cika kaifi, akwai siririn magagari mai tsini da aka yi don wannan aikin. A cikin ruwa ake yi, ana murzawa a hankali daga wannan bakin sannan wancan. In aka yi a bushe, zafi zai fasa dutsen, ƙurar gilashi kuma ba abin shaƙa ba ce.

Kayan aiki

Filaya uku ne ginshiƙi: mai zagayayyen baki don lanƙwasa waya ta zama zobe, mai shafaffen baki marar haƙora don riƙo da matsi, da mai yankan waya. Filayar gyaran lantarki mai haƙora tana barin tabo a jikin ƙarfe, kada a yi amfani da ita. Mai niyyar yin sarƙa ya ƙara ta huɗu, filayar matsi, wadda ke da rami biyu a bakinta. Sai tef ɗin awo irin na tela, selotef, gam, da tawul ko ƙyalle mai gashi-gashi da za a shimfiɗa don kada duwatsu su gangare.

Game da ƙananan ƙarafa, wato maƙulli, zobba, ƙugiyar kunne da fil, a kula da sinadarin nikel. Shi ne kan gaba wajen jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya da kunne. Azurfa mai hatimin 925 da ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L suna yi wa yawancin mutane daidai. Wanda fatarsa ba ta jure komai, ƙugiyar titaniyam ce mafita. A kuma tsaya a launin ƙarfe ɗaya a kowane aiki, ko fari ko ruwan gwal.

Awo

A zagaya tef a wuyan hannu daidai bayan ƙashin nan da ya ɗan fito, ba matsewa ba sakewa. A ce an sami santimita 16. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya jera duwatsu tsawon santimita 16 ko 17, sai ya ga abin ya matse. Dalili kuwa, zaren ba a jikin fata yake kwanciya ba, ta tsakiyar duwatsu yake bi, don haka da'irarsa ta fi ta hannu girma. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka faɗin dutse sau uku a ƙara a kan awon hannu, sannan a ƙara rabin santimita zuwa ɗaya na walwala.

Da dutse mai milimita 8, ƙarin zai kai kusan santimita 2.5, jimilla 19 ko 19.5, wato duwatsu 24. Da mai milimita 6, tsawon zai zama kusan 18.5, duwatsu 31. Da mai milimita 4 kuwa, kusan 18, duwatsu 45. In za a sa maƙulli, a cire tsawonsa da na zobensa daga lissafin, yawanci santimita 2.

Sarƙa mai santimita 40 a gindin wuya take zama, mai 45 ta sauko kan ƙashin wuya, mai 55 zuwa 60 ta kai ƙirji. Daga santimita 70 zuwa sama kai yana shiga, ba sai an sa maƙulli ba.

Abin hannu na zaren roba

Da wannan ya kamata a fara, don ba ya buƙatar filaya ko ɗaya. Kaurin robar ya danganta da dutsen: milimita 0.5 ga 'yan ƙanana, 0.7 ko 0.8 ga masu milimita 6 zuwa 8, milimita 1 ga masu 10 zuwa sama. A zaɓi mafi kaurin da zai shiga hudar ba tare da an tura da ƙarfi ba.

A yanki santimita 30, ko da yake aikin bai kai 20 ba, saboda ƙulla gajeren zaren roba wahala ce. Kafin a zura komai, a kama bakin biyu a ja robar sosai sau da yawa. Sabuwar roba tana saki a farkon amfani, in ba a fitar mata da wannan sakin tun yanzu ba, bayan mako guda za a ga giɓi tsakanin duwatsu. A manna selotef a baki ɗaya, a zura duwatsun, a tabbatar na farko ko na ƙarshe yana da huda mai faɗi, domin a cikinsa ƙullin zai ɓuya. A zagaya a hannu a gwada kafin a ƙulla.

Ƙullin shi ne komai a nan. A ɗora bakin dama a kan na hagu a zagaya sau biyu maimakon sau ɗaya, a ja har duwatsu su haɗu babu giɓi, robar tana ɗan miƙe kaɗan. Sai a ɗora na hagu a kan na dama a zagaya, a ja. Juya hannun nan yana da muhimmanci: in an yi duka biyun ta gefe ɗaya, ƙullin zamewa zai yi. Bayan nan a ja ta fuska huɗu, bakin zaren biyu tare, sannan ɓangarorin da ke ɗauke da duwatsu, sannan kowane baki da ɓangaren da ke kallonsa. Za a ji ƙullin ya ƙanƙance ya yi tauri a ƙarƙashin farce.

A ɗebi gam da kan fil, ɗigo ɗaya tak, a taɓa ƙullin. Gam mai laushi bayan bushewa ake so, irin G-S Hypo Cement. Sufa gulu yana busar da roba ta yi ƙaras ta karye daidai wurin ƙullin, tururinsa kuma yana barin farin hazo a kan gilashi. Tun gam bai bushe ba, a yanke bakin zaren a bar milimita 2 zuwa 3, a ja ƙullin ya shige cikin dutsen nan mai faɗin huda. A bar shi kwana ɗaya kafin a sa.

Duwatsu masu tsini biyu da aka yanka da inji ba abokan roba ba ne. In dole sai da su, a sa ɗan 11/0 a kowane gefe don ya hana robar lanƙwashewa a kan kaifin. Wajen sawa kuma, a mirgina abin hannun ta kan yatsu, kada a buɗe shi da hannu biyu.

Sarƙa a kan wayar duwatsu

Wannan waya siraran zaruruwan ƙarfe ne aka murɗa aka lulluɓe da nailan. Ana rubuta yawan zaruruwan a jikin kwalinta: 7, 19 ko 49. Mai 7 tana da tauri, in ta lanƙwashe sau ɗaya ba ta komawa daidai. Mai 49 ta fi laushi, tana kwanciya a wuya yadda ake so. A ra'ayinmu, mai 7 ba ta cancanci wahalar da za a sha a kan sarƙa ba, ko da ta fi araha. A nemi mai 19 aƙalla. Kauri kuwa, milimita 0.38 ya isa ga duwatsu masu milimita 4 zuwa 8, manya masu nauyi su sami 0.46 ko 0.6. Zaren kamun kifi da zaren ɗinki ba su dace ba. Na farko yana bushewa ya karye, na biyu gilashi na yanka shi.

Ga misalin sarƙa mai santimita 45. Ana buƙatar waya santimita 60, babban dutse ɗaya na tsakiya mai milimita 12, duwatsu 52 masu milimita 6, 'yan 8/0 kusan 54 da za su shiga tsakani, bututun matsi (ɗan bututun ƙarfe da ake matsewa ya riƙe waya) guda biyu masu milimita 2, maƙulli mai milimita 12, da zobe rufaffe mai milimita 5 ko 6 wanda maƙullin zai kama. 'Yan 8/0 ɗin ba ado kawai suke yi ba. Su ne gaɓoɓin sarƙar, suna ba ta damar lanƙwasa, suna kuma hana manyan su riƙa gogar juna suna ɓarewa.

A fara jera duwatsun a kan tawul kamar yadda za su zauna a wuya, a ja da baya a duba. Launi biyu da na uku ɗan kaɗan sun fi launi shida da ke gasa da juna. Duwatsu masu ganin ciki suna canza kama a kan fata, don haka a ɗora kaɗan a bayan hannu a gani, kuma a hasken rana. Sai a zura daga tsakiya: babban dutsen da farko, sannan 26 a dama, 26 a hagu, kowanne da ɗan 8/0 a gabansa. Amfanin farawa daga tsakiya shi ne in tsawon bai yi ba, a ƙara ko a rage ta gefe biyu ba tare da an zare komai ba. A manne bakin biyu da selotef a gwada a wuya.

Yanzu rufe bakin farko. A zura bututun matsi, sannan idon maƙulli, sai a mayar da wayar ta cikin bututun, a bar jela kamar santimita 3. A ja har madaukin da ke riƙe da maƙullin ya rage milimita 2 zuwa 3. In ya matse maƙullin gam, wayar za ta riƙa goguwa a wuri ɗaya har ta tsinke. Dabarar ita ce a soka fil a cikin madaukin kafin a ja, a zare shi bayan an matse.

A duba cikin bututun da kyau. Wayoyin biyu su kwanta gefe da gefe, kada ɗaya ta hau kan ɗaya. A sa bututun a ramin filaya na ciki, wanda ya fi kusa da mariƙi, a matse. Zai lotsa a tsakiya, kowace waya ta sami nata ɗaki. Sai a juya bututun ya tsaya a kan gefensa, a sa shi a ramin waje, a matse a hankali har ya naɗe gida biyu ya koma ɗan dunƙule. A kama maƙullin da hannu ɗaya, wayar da ɗaya, a ja da ƙarfi. Gara ya zame yanzu da ya zame a wuyan mai shi. In ya riƙe, a tura jelar cikin duwatsu uku ko huɗu na farko, a yanke ragowar, a turo sauran duwatsun su rufe.

Wanda ba shi da filayar matsi zai iya dannawa da mai shafaffen baki, bututun ya baje. Yana riƙewa, sai dai gefensa yakan yi kaifi ya karci wuya, don haka a rufe shi da murfin matsi mai milimita 3 ko 4, wanda in an rufe yake kama da dutsen ƙarfe.

Baki na biyu ya fi wuya, kuma nan ake ɓata yawancin sarƙoƙi. A zura bututu da zoben, a mayar da wayar ta cikin bututun da duwatsu uku ko huɗu. Kafin a matse, a kwantar da sarƙar a kan tebur a da'ira, kamar tana wuya. In aka matse tana miƙe, to da an lanƙwasa ta duwatsu za su cushe, sarƙar ta sandare ta yi kusurwa-kusurwa, wani lokaci dutsen ƙarshe ya fashe saboda matsi. In kuma an bar saki da yawa, tsirarar waya za ta bayyana kusa da maƙulli. Abin da ake nema shi ne giɓin milimita 1 zuwa 2 idan sarƙar tana miƙe, wanda ke ɓacewa in an zagaya ta. A matse kamar na farko. Wajen yanke jela, a juya shafaffen gefen filayar yanka ya kalli aikin, a ja jelar kaɗan, a yanke dab da dutse don ragowar ta koma ciki. A tabbatar jelar aka kama ba uwar wayar ba.

In bututu ya zame, ɗaya daga uku ne: wayoyin sun hau juna, ko bututun ya yi wa wayar girma, ko kuma ƙarfensa siriri ne marar ƙwari. In ya tsage, an matse shi fiye da kima ko an maimaita matsi. Bututun da ya lalace ba a gyara shi, a yanke a sa sabo. Shi ya sa ake barin waya da tsawo. Ga sarƙa mai nauyi, a sa bututu biyu a kowane baki da dutse ɗaya a tsakaninsu.

Ƙananan zobba masu tsaga, waɗanda ake rataya abu da su, ba a buɗe su ta hanyar ware bakin hagu da dama. A kama kowane gefe da filaya, a tura ɗaya gaba a jawo ɗaya baya. Haka za a mayar da shi, a ɗan wuce kaɗan a dawo har a ji bakin biyu sun gogi juna. Kada a ɗaura waya kai tsaye a irin wannan zoben, domin siririyar waya tana sulalewa ta tsagar.

Akwai masu son zaren siliki da ƙulli tsakanin kowane dutse. Yana da kyau, kuma in ya tsinke dutse ɗaya ne zai faɗi. Amma sai da duwatsu masu sumul ɗin huda, kuma ƙulle-ƙullen na cin zare, a tanadi ninki uku na tsawon sarƙar ko fiye.

'Yan kunne

Ana buƙatar fil mai kai guda biyu masu tsawon santimita 5 da kaurin milimita 0.6, ƙugiyar kunne biyu, da duwatsu. Gilashi na da nauyi, dutse ɗaya mai milimita 8 da ƙanana biyu sun isa kunne ɗaya. In hudar dutsen ta fi kan fil ɗin faɗi, a fara zura ɗan 11/0 ya tare.

Bayan an zura duwatsun a fil, ragowar wayarsa ake lanƙwasawa ta zama madaukin da za a rataya a ƙugiya. Madauki iri biyu ne. Mai sauƙi: a lanƙwasa wayar dab da dutse ta kwanta gefe, a yanke a bar santimita 1, a kama ƙarshenta da filaya mai zagayayyen baki, a murɗa hannu har ta dawo ta taɓa gindinta. Yana da sauri, amma yana iya buɗewa in an fizga.

Mai naɗi ya fi ƙarko, shi muka fi so ga gilashi. A kama wayar da bakin filaya mai shafaffen baki dab da dutse, a lanƙwasa ta saman filayar, ta yadda za a sami ɗan wuya na milimita 2 zuwa 3. A sa filaya mai zagayayyen baki a kusurwar, a zagayo da wayar da yatsa ta kan bakin filayar har ta yi cikakken zobe ta gitta wuyan. A riƙe zoben da filaya mai shafaffen baki, a naɗa jelar a jikin wuyan sau biyu ko uku, daga sama zuwa ƙasa, kowane naɗi manne da ɗan'uwansa. A tsaya kafin a kai ga dutsen. Naɗin ƙarshe in ya danni gilashi, bakin hudar zai ɓare, sau da yawa ma sai an ji ɗan ƙaras sannan a ankara. A yanke jela, a danne tsininta.

Don biyun su zo daidai, a yi alama da maka a bakin filayar inda za a riƙa naɗa zobe, kuma a yi kowane mataki a kan duka biyun kafin a wuce na gaba. A buɗe idon ƙugiya ta gefe kamar yadda aka yi wa zobe, a rataya, a rufe.

Dutsen da ba shi da huda

Masu shafaffen baya manna su ake yi, ko a cikin ɗan faranti na ƙarfe mai daidai girmansu, misali dutse mai milimita 25 a faranti mai 25, ko a liƙa musu marataya a baya. A karce ƙarfen da samfefa mai laushi don gam ya sami abin kamawa, a goge shi da bayan dutsen da sifirit, a bari su bushe, kada yatsa ya sake taɓa wurin. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana gam kamawa. A shafa gam kaɗan a tsakiya, a danna, kada ya tumbatso ta gefe. Gam irin E6000 yana son awa 24 kafin a taɓa, yakan kai awa 72 kafin ya gama ƙarfi, warinsa kuma mai ƙarfi ne, a yi a inda iska ke shiga.

Mutum na iya yin nasa launin a kan farin dutse mai ganin ciki, da jan farce. A bayan ake shafawa, kuma a juye ake tunani: abin da aka fara shafawa shi zai fito a gaba. Mai ƙyalƙyali da farko, sai launin da ake so shafi biyu marasa kauri, sai baƙi ko fari a ƙarshe don kada a hango ƙarfe. Kowane shafi ya bushe sarai kafin na gaba, duka kuma a ba su kwana guda. Irin wannan, da duwatsu masu rufin azurfa a baya, a manna su da gam mai haɗi biyu, wanda ake cakuɗawa daidai wa daida. Gam mai ƙarfin wari yakan narka fenti ko ya ci rufin, sai tabo ya bayyana ta gaba inda ba shi gyaruwa.

Kulawa da gyara

Turare, man shafawa da gumi ba sa yi wa gilashin kansa komai, amma suna cin fenti, suna dusasar da ƙarfe, suna kashe roba. A gama shafe-shafe tukuna sannan a sa kayan ado, a cire kafin wanka, a goge da busasshen ƙyalle mai laushi bayan an cire. A ajiye kowanne a 'yar jakarsa, sarƙa a kwance a da'ira mai faɗi. Duwatsu ƙanana kuma a nisanta su da yara 'yan ƙasa da shekara 3, suna haɗiyewa ko su cusa a hanci.

In abu ya tsinke, kafin a zare sauran a duba inda ya tsinke. In a wurin ƙulli ne, gam ne ya busar da robar ko ƙullin ya zame. In dab da maƙulli ne, madaukin ya matse, a sake shi da sarari, ko a sa ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake kira mai gadin waya, wanda wayar ke bi ta cikinsa ta zagaya idon maƙulli. In kuwa a tsakiya ne, akwai dutse mai kaifin huda a daidai wurin. A ɗauki duwatsu biyun da ke gefen tsinkewar, a zura zaren ɗinki a kowanne a ja shi gaba da baya a kan bakin hudar. Wanda ya tsinka zaren, a goge hudarsa da magagari a cikin ruwa ko a canza shi, sannan a sake zurawa a sabuwar waya.